Ɗakin da Ya Fi Kusa da Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, Injiniya Mamduh Abdul-Latif, wanda ya san jirgin nan tun yana zanen fensiri a kan takarda, har ga shi yau muna tsaye a kansa. Uwar kamfani, Madam Fa'iza, wadda ta gaji wannan aiki daga mahaifinta, Allah ya ji ƙansa. Rayyis Bakkar da sauran matuƙa jiragen wannan tafki, ku karɓi gaisuwar mutumin da har yau bai iya ɗaure igiya ba. Dillalan tafiye-tafiye da suka taso daga Alƙahira da Iskandariya da Luksor. Masu dafa abinci, masu gyaran ɗaki, masu wanki da guga, na gan ku kun laɓe a bayan ƙofa, ku fito, taron nan naku ne. Dattawan Aswan, iyayenmu mata, 'yan'uwana Musulmi da Kirista: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa wannan ruwa a tsakiyar duwatsu, ya ba mu abinci a kansa. Ina gode wa Madam Fa'iza da ta ce ni zan yaye ƙyallen da ya rufe allon nan, in karanta muku sunayen ɗakunan sabon jirginmu, Durriyya. Ina gode muku ku duka da kuka jure ranar Aswan, kuka zauna kuna fifita da takardar gayyata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Fakhri Mitwalli. Shekara talatin da huɗu ina cin abinci a kamfanin nan, kuma ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban taɓa shimfiɗa gado ba, ban taɓa soya ƙwai ba. Aikina raɗa suna. Wasu su ƙera ɗaki, wasu su share shi, ni kuma in zauna a inuwa da shayi in ce ga yadda za a kira shi. Kafin in taɓa ƙyallen nan, ku ba ni dama in faɗi abu uku. Biyu gajeru ne. Na ukun kuwa, Rayyis Bakkar ya san shi, shi ya sa ya sunkuyar da kai.

Abu na farko, ya ku jama'a, shi ne girman suna. Na rantse muku, har yau ban daina mamakinsa ba. Ɗauki ɗaki biyu, faɗinsu ɗaya, gadonsu ɗaya, tawul ɗinsu mutum ɗaya ya wanke. Ka kira na dama ɗaki mai baranda, ka kira na hagu Iskar Arewa. Wanda ya kwana a na dama zai ce ya yi barci. Wanda ya kwana a na hagu zai koma gida ya ce wa maƙwabtansa bai taɓa shaƙar iska irin wannan ba, alhali iska ɗaya ce ta shiga ɗakunan biyu, kuma babu wanda ta tambaya me aka rubuta a ƙofarsa. Mutum yana zaune a Iskandariya, bai ga jirgi ba, bai ga tafki ba, bai taɓa katifa ba. Abin da ke hannunsa kalma biyu ce da hoto ɗaya. Da kalmar nan zai yanke shawara, da ita zai lallashi matarsa, da ita zai yi mafarki wata uku kafin ya iso. Mu da muke rubuta ta, mafarkin mutane muke taɓawa, kuma sau da yawa muna taɓa shi da hannun da ba mu wanke ba.

Ku duba abin da muka iya yi da suna. Mu ne muka sa Musulmi da Kirista suna rububin kwana a ɗakin da muka kira Ɗakin Fir'auna. Mutum ya fito daga masallaci, ya ji abin da liman ya faɗa a kan Fir'auna, ya yi tir, sannan ya bugo mini waya ya ce, "Ustaz Fakhri, don Allah in akwai saura a na Fir'auna ka riƙe mini." Wannan bai isa abin al'ajabi ba?

Abu na biyu shi ne tsanin da muka gina. A wurinmu daraja sama take hawa. Can ƙololuwa akwai Fadar Sarauniya, ƙasa da ita Ɗakin Fir'auna, sai Iskar Arewa, sai Idon Tafki, wanda tagarsa babba ce amma babu baranda. Sai kuma na can gindi, dab da ruwa, maƙwabcin inji. Ranar da na fara aiki, maigidana, Allah ya gafarta masa, ya ba ni kalmomi huɗu ya ce kada in kuskura su fito daga alƙalamina: ƙasa, ƙarami, baya, da inji. Saboda haka benen da ya fi kowanne ƙasa muka kira shi Babban Bene. Ɗakin da ke jin numfashin inji dare da rana muka kira shi Ɗakin Natsuwa. Muka tura shi shafin ƙarshe na littafin talla, muka sa hoton fure a inda ya kamata a ga tagarsa. Ku dillalai kuna dariya, don kun sayar da shi, kuma kun san yadda kuke kawar da kai in an tambaye ku.

A kan tsanin nan muka ɗora wata al'ada da muke alfahari da ita, wato ɗaga baƙo. In ɗakin sama ya zauna babu kowa ranar tashi, sai mu zaɓi wani daga ƙasa mu hau da shi, ba tare da ya ƙara komai ba. Ba ma tambayarsa. Me za a tambaya? Wa zai ƙi hawa? Mukan ɓoye masa ma har sai ya iso, don mu ga fuskarsa ta washe. Shekara ashirin da biyar ina yin haka, ina jin kaina mutumin kirki.

Wannan ya kawo ni ga abu na uku, kuma ina roƙon masu zuba zoɓo su ɗan dakata.

Shekara tara da suka wuce, wata mata ta shigo ofishina a bakin kogi. Sunanta Madam Awatif, malamar lissafi ce daga ƙauyukan Nuba na wajen Kom Ombo. Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta ce tana son ɗaki ita da mahaifiyarta a tafiyar Abu Simbel. Na buɗe mata littafin daga shafin farko kamar yadda aka koya mini. Ta miƙo hannu ta juya shi zuwa shafin ƙarshe.

Ta ce, "Ɗakin ƙasa nake so, ɓangaren hagu in an nufi kudu."

Na ce, "Madam, ai ba mu da ɗakin ƙasa. Muna dai da Ɗakin Natsuwa, a Babban Bene."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa, ta ce, "Ustaz, ni lissafi nake koyarwa. Wanne ya fi kusa da ruwa?"

Na rubuta mata lamba ɗari da bakwai. A wancan tsohon jirgi namu, shi kaɗai ne ɗakin baƙi a hagun wannan bene. Sauran duk ɗakin wanki ne da ma'ajiya. Ba ta faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don na ɗauka na sani. Na ce a raina, albashin malamar makaranta ne, tana jin nauyin faɗa.

Ranar tashi ina cikin jirgin, na rako masu ɗaukar hoton sabon littafin talla. Sai labari ya zo cewa baƙon Fadar Sarauniya ya fasa. Na leƙa gaɓa, na ga Madam Awatif tana riƙe da hannun wata tsohuwa doguwa, baƙa, cikin baƙar rigar matan Nuba mai jan ƙasa, tana dogara sanda. Hajja Dahiba ke nan, mahaifiyarta. Zan faɗi gaskiya a gabanku: rabin zuciyata tausayi ne, rabin kuma ta hango hoton tsohuwar nan a barandar Sarauniya, a shafin farko. Nan take na ɗaga su. Ɗari da bakwai kuwa na ba wani dattijo da ya iso a makare yana neman gurbi, Ustaz Tadros, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa.

Gwiwoyin Hajja ba sa hawan bene, don haka ƙarti huɗu suka ɗauke ta a kujera. Bene na ɗaya, ta ƙanƙame sandarta. Na biyu, ta waiwayi 'yarta. 'Yar tana ta cewa, "Ustaz, ba nan ba ne," ni kuwa ina gaba ina murmushi ina cewa, "Ki dai yi haƙuri, Madam, za ki gani." Kafin mu kai na huɗu an kwance igiya, jirgi ya bar gaɓa. Na buɗe ƙofar da hannu biyu, ga labulen siliki, ga kwandon mangwaro, ga baranda mai kujera huɗu. Na tsaya ina jiran godiya.

Hajja ta ce, "Ɗana, ina ruwan?"

Na ce, "Ga shi can, Hajja, duk tafkin a ƙarƙashin ƙafarki!"

Aka matsa da ita bakin baranda. Ta leƙa ƙasa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "A garinku, daga saman bene ake gaida uwa?"

A nan Madam Awatif ta gaya mini abin da ban tambaya ba. An haifi Hajja a wani ƙaramin ƙauye da ake kira Korsandi, a gaɓar gabas ta tsohon kogi. Tana da shekara goma sha shida mahaifiyarta ta rasu, aka binne ta a bayan gari. Shekarar da ta biyo baya, aka kwashe mutanen ƙauyen aka kai su tudu, ruwan madatsa ya taso ya rufe gidaje da dabino da maƙabarta. Fiye da shekara hamsin ba ta koma ba, don babu inda za a koma. Abin da ya kawo ta shi ne ta wuce ta kan kabarin uwarta sau ɗaya kafin ta mutu, ta gaishe ta daga wuri mafi kusa da mai rai zai iya kaiwa. Ni kuma na ɗauke ta na kai ta wuri mafi nisa a duk jirgin, na ɗora mata mangwaro.

Na ruga wurin Rayyis Bakkar. Ya ce za mu bi ta kan Korsandi safiyar kwana na uku, sau ɗaya, don waɗannan baƙi ta mota za su dawo daga Abu Simbel. Na ce a sauke mata ƙaramin kwalekwale. Ya ce ba a sauke shi a tsakiyar tafki, ko da an sauke ma, tsanin ƙarfen ya fi ƙarfin gwiwarta. Ya ce, "Ɗari da bakwai ne kawai, ya Ustaz. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne. Wa zai ƙi Fadar Sarauniya? Na gyara wuyan riga na sauka. Na tarar da Ustaz Tadros zaune a bakin gado da singileti, yana cin gurasa da cuku da ya taho da su daga gida. Na ce ina yi masa albishir, kamfani ya zaɓe shi, zai koma ɗaki mafi daraja a tafkin nan, inda alfijir ke fara sauka.

Ya ci gaba da tauna. Ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Wa?"

"Ɗakin. Yoyo yake yi, ko wani ya mutu a ciki?"

Na rantse masa lafiyar ɗaki ƙalau. Ya ce, "Ya Basha, babban mutum, shekara talatin da biyar ina duba tikiti tsakanin Asyut da Alƙahira. Ban taɓa ɗaukar ɗan aji na uku na kai shi aji na ɗaya don Allah ba, kuma ban ga wanda ya yi ba. Ku kuma na san ku. Bara a Luksor, wasu 'yan'uwanku suka sayar mini da ɗaki wai shi Madubin Nilu. Da aka ɗaure jirage biyar gefe da gefe, kwana biyu ina kallon wani ƙato yana feraye dankali a kicin ɗin jirgin maƙwabta. Wannan kun kira shi Natsuwa, ga inji a bayan kunnena, to aƙalla na san aibinsa. Wancan da kuke kira Fada, Allah kaɗai ya san abin da kuka binne a ciki. Ja mini ƙofa."

Ya ku 'yan'uwana masu talla, ku ji wannan da kyau. Mu muka koya wa mutumin nan cewa duk sunan da aka ƙawata, akwai abin da aka rufe da shi. Ranar da na zo masa da kyauta ta gaskiya, ba ni da sauran kalmar da zai yarda da ita, duk na kashe su a littafi.

Washegari da safe na lallaɓa shi ya hau ya gani da idonsa. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo, ya shinshina labule. Ya ce, "Ban ga aibin ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali." Ya sauka abinsa. Hajja kuwa tana zaune a kusurwar ɗakin, ta juya wa baranda baya, ko shayi ta ƙi sha. Kwana ɗaya ya rage.

Za ku ce, me ya hana ka gaya masa dalili? Girman kai ne, ba wani abu ba. In na faɗa, na amsa a gaban baƙo cewa Fakhri Mitwalli, mai raɗa suna, ya yi kuskure. Bayan la'asar Rayyis Bakkar ya kira ni ɗakin tuƙi, a gaban mataimakansa ya ce, "Ya Ustaz, ka gwada gaskiya mana. Ko ta ƙare a ofishinku, sai an aiko daga Alƙahira?"

Na sauka karo na uku. Ban gyara wuyan riga ba. Na ce, "Ustaz Tadros, ɗakin nan na wata tsohuwa ne, ni na ƙwace mata bisa wauta. Uwarta tana ƙarƙashin ruwan nan. Gobe da safe za mu wuce ta kanta, kuma tagar nan ce ta fi kusa."

Ya ajiye jaridar da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallon tagar. Ya ce, "Ni tawa uwar tana bayan cocin ƙauyenmu. Duk shekara jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai ke kai ni, in share mata ganye in dawo. Ita wannan, babu jirgin da ke tsayawa a tasharta." Ya tashi ya fara tura kayansa a jaka, yana faɗa: "Jimla uku! Kwana biyu kana zuba mini alfijir da siliki, ashe jimla uku ce a bakinka. Ɗauki jakar nan, ya Basha, kai za ka hau da ita, kuma ka rubuta a littafinku cewa ba da son raina na shiga Fada ba."

Yanzu ku ba ni hankalinku, don abin da zan faɗa ban taɓa iya rubuta shi ba. Safiyar kwana na uku, rana ta ɗan ɗaga, tafki ya kwanta kamar an shafe shi da hannu. Aka sauko da Hajja. Tagar ɗari da bakwai ƙarama ce, ba ta buɗuwa, ruwa kuwa bai fi tsawon hannu ɗaya a ƙarƙashinta ba. Ta ƙi kujera. Ta sa aka ɗora ta a gado, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, ta dafa gilashi. Muna tafe, babu komai sai ruwa da duwatsu masu kama da juna, har na fara tsoron ba za ta gane wurin ba. Sai wani ɗan tsibiri ya bayyana, baƙin dutse mai tsagewa biyu a ka.

Ta ce, "Shi ne. Dutsen bayan gidanmu ne. Ashe haka kansa yake! Mu a gindinsa muke, ban taɓa ganin samansa ba."

Na buga wa Rayyis waya. Abin da ya yi ba ya cikin tsarin tafiya, kuma bai nemi izinin kowa ba: ya kashe inji. Jama'a, shekara ashirin da biyar ina kiran ɗakin nan Natsuwa, ranar ce kaɗai ya yi shiru. Jirgi mai bene huɗu, da mutum fiye da ɗari a ciki, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ana jin ƙarar cokali daga ɗakin cin abinci. Rayyis ya faɗa mini a waya, murya ƙasa-ƙasa, cewa na'urarsa ta nuna zurfin mita hamsin da takwas.

Hajja ta kafa goshi a gilashi, ta yi sallama. Da harshen Nuba take magana, 'yarta tana juya mana a hankali. Ta fara daga gidan farko na bakin kogi, tana bin layi gida-gida kamar mai zagayen gaisuwar salla: gidan mai kwalekwale, gidan ungozoma, gidan makaho mai kiran salla, tana kiran matattun kowane gida da sunayensu, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina saurare. Gari guda cur yana ƙarƙashin ƙafafuna, da lunguna da maƙwabtaka da wanda ke gaba da wane, ni kuwa sau nawa na wuce ta nan ina rubuta "shimfiɗaɗɗen ruwa mai launin shuɗi"!

Da ta kai bayan gari, sai muryarta ta canza, ta koma ta yarinya. Ta ce, "Inna, ni ce, Dahiba. Na zo. Ba za ki gane ni ba, yanzu na girme ki da shekara talatin. Na haifi bakwai, biyar suna raye, ga ɗaya ta kawo ni. Ba mu bar ki da son ranmu ba, Inna. Na so in durƙusa kusa fiye da haka, iyakar inda aka bar ni in kai ke nan."

Madam Awatif ta kasa ƙarasa fassarar. Na waiwaya, na ga Ustaz Tadros ya sauko daga Fadarsa, yana tsaye a bayana cikin kwat, ya cire hula, yana addu'a irin tasu, hawaye na bin gashin bakinsa. A bayansa masu wanki da masu gyaran ɗaki sun cika lungu, rabinsu 'yan Nuba, kowa da nasa garin a ƙarƙashin wani wuri na tafkin nan. Hajja ta karanta Fatiha, muka shafa. Na yi kuka a gaban ma'aikatana, kuma ban ji kunya ba.

Minti goma sha biyu muka tsaya. Da inji ya tashi, dutsen ya fara ja baya, ta bi shi da ido har ya fita daga tagar. Sannan ta juyo ta neme ni. Na durƙusa a bakin gadon, na ce ta yafe mini.

Ta dafa kaina ta ce, "Na yafe, ɗana, alheri ka nufa. Amma gobe in wani ya zo ya ce maka ƙasa yake so, kafin ka hau da shi sama, ka tambaye shi wa yake da shi a can."

Hajja Dahiba ta rasu bayan shekara biyu, aka binne ta a tudu, nesa da ruwa. Da kwana ɗaya na ƙara a girman kaina, da ta tafi ba ta gaida uwarta ba, kuma da babu wani jirgi, babu wani suna, da zai iya mayar mata da wannan safiya.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga ƙyallen na yaye. Sunayen sama suna nan da adonsu, ban hana kowa mafarkinsa ba. Amma ku dillalai, ku duba layin farko na allon. A gaban kowane ɗaki an rubuta ɓangaren da tagarsa ke kallo, gabas ko yamma, kuma a ƙarƙashin allon akwai doka ɗaya da Madam Fa'iza ta sa wa hannu: daga yau, a jirgin nan, ba a ɗaga baƙo sai an tambaye shi.

Ya Allah, ka sa albarka a wannan jirgi, ka tsare shi daga iska da dutse, ka kai shi lafiya ka dawo da shi lafiya. Ka ba matuƙansa ido, ka ba ma'aikatansa lafiya, mu masu alƙalami ka ba mu tsoron abin da muke rubutawa. Ka saka wa Ustaz Tadros da alheri a duk inda yake. Ka ji ƙan Hajja Dahiba, ka ji ƙan mahaifiyarta, ka ji ƙan duk waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwan da za mu bi ta kansa gobe, ka sada uwa da 'ya a inda babu ruwan da zai sake shiga tsakaninsu. Ka mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.